Waiwaye: Jinin Abbatuwa da Renon Ƙwayoyin Halitta

Duk wanda ya taɓa shiga Abbatuwa a Fagge da sanyin safiya ya ga yadda jinin shanu ke bin lambatu yana gangarawa Jakara. A wajenmu ƙazanta ce, cinsa ma haramun ne. Amma a ɗakunan bincike, ruwan da ke tasowa bayan jini ya daskare, wanda ake kira siram, da shi ake ciyar da ƙwayoyin halittar dabbobi a cikin kwalba.

Tun 1907 masanin kimiyya Ross Harrison a Amurka ya raya jijiyar tayin kwaɗo a wajen jiki. A shekarun 1950 Harry Eagle ya haɗa ruwan reno mai gishiri da sukari da bitamin, sai dai ƙwayoyin ba sa hayayyafa sai an ɗiga musu siram. Daga ƙarshen shekarun ne, bayan aikin Theodore Puck, masana suka raja'a kan jinin ɗan tayin saniya, saboda yana cike da sinadaran girma, sinadaran garkuwa masu hana ruwa gudu kuwa kaɗan ne a cikinsa.

Yadda ake samo shi ba daɗin ji. Sai an yanka saniya mai ciki, a ciro tayin, a soka allura a zuciyarsa a zuƙe jinin. Ga tsada. Bayan ɓullar cutar haukan shanu a Birtaniya a 1986, masu saye suka fi amincewa da na Ostireliya da New Zealand, farashinsa ya yi sama. Da Mark Post ya nuna naman da aka rena a kwalba a Landan a 2013, tambayar da ta biyo baya ita ce: ina amfanin naman da ba a yanka ba, in renonsa sai da jinin tayi? Wannan ya ƙara wa masu neman madadi ƙaimi, ciki har da masu gwada jinin manyan dabbobin da ake zubarwa a mayanka.

Kada a ɗauka zancen Turawa ne kawai. Allurar rigakafin da likitan dabbobi Walter Plowright ya samar, wadda ta taimaka aka kawar da cutar shanun nan ta bushiya daga duniya a 2011, a kan ƙwayoyin ƙodar ɗan maraƙi aka rena ta. Makiyayanmu sun ci moriyarta.

Ni dai ina ganin Kano na da abin yi a nan, don kullum ana yanka. Sai dai siram ɗin babbar saniya bai kai na tayi ƙarfi ba, wasu ƙwayoyin ba sa karɓarsa. Kuma jinin da ya taɓa ƙasa ya tashi daga aiki. Dole a tare shi daga wuya cikin mazubi mai tsabta, a sanyaya nan take, a tace, a gwada ko da cuta, sannan likitan dabbobi ya duba saniyar kafin mahauci ya sa wuƙa. Duban nan shi zai kuma gano masu ciki, waɗanda har yau ake yankawa sai an farke a ga tayi.