Bizar jinya: ƙofar ta daɗe tana tsukewa

Tun da aka daina karɓar dosiyen bizar Faransa a Yamai cikin 2023, a fada da gidajen rediyo ake ta mahawara kan majinyata masu neman fita waje, kamar dai jiya abin ya faro. Ba jiya ba ne.

Bayan samun 'yanci a 1960, fita zuwa Faransa ba ta da wuyar yau. A watan Satumba 1986 ƙasar ta wajabta biza ga kusan duk baƙi, a 1995 kuma tsarin Shengen, wato bizar bai ɗaya ta wasu ƙasashen Turai, ya fara aiki. Wannan kowa ya sani.

Ranar da ba a cika tunawa ba ita ce 12 ga Janairu 1994, da aka karya darajar sefa. An kwana faran ɗaya na Faransa yana dala goma, wato sefa 50, aka wayi gari yana dala ashirin, wato sefa 100. Ba a taɓa ko layi ɗaya na dokar biza ba, amma ga majinyaci komai ya sauya. Mai neman bizar jinya ba fasfo kaɗai yake kaiwa ba. Sai da rahoton likitan gida, da takardar asibitin can mai nuna ta karɓe shi, da debi, wato lissafin kuɗin aikin, da shaidar cewa zai iya biya, galibi ma an riga an tura kuɗin. Duk lissafin nan da kuɗin waje ake yinsa. Dare ɗaya ya ninka, albashi bai ninka ba, shanun da za a sayar a kasuwar Tawa ma ba su ninka ba. Tun daga nan takardar banki ta fi takardar likita nauyi cikin dosiye.

Na ga haka wurin kawuna, da ya zo daga Tawa da ciwon ƙoda. Yana zaune kan tabarma, takardu cikin leda, yana ta juya debin. Ya ce: "Ɗana, karanta mini sifilin nan, ko idona ne?" Na ce: "Kawu, ba idonka ba ne."

A 2004 aka ƙara sharaɗin asirans, wato inshorar lafiya, na yuro 30,000, kusan sefa miliyan 20, wanda kuma yawanci ba ya ɗaukar ciwon da mutum ya taho da shi daga gida. Kuɗin bizar kanta ya tashi daga yuro 60 zuwa 80 a 2020, ya kai 90 a 2024.

Shi ya sa tun kafin 2023 hanya ta riga ta karkata. Masu hali sun koma Tunisiya da Maroko, wasu Indiya, inda bizar jinya ke ba da izinin masu rakiya biyu. Kawu kuwa motar Ƙonni ya shiga, ya tsallaka Illela zuwa Sakkwato.