Hanyar ba dabba magani da kwanakin jira kafin yanka

A jikin kwalbar maganin kashe ƙwayoyin cuta na dabbobi akan rubuta abu biyu tare: ta inda za a ba da shi, da kwanakin da za a jira kafin a yanka dabbar ko a sha madararta. Ƙa'idar ita ce ba a raba su. An auna kwanakin ne bisa hanyar da aka rubuta, don haka wanda ya canza hanya ya ɓata lissafin.

Hukumar Codex Alimentarius, wadda hukumar abinci da noma (FAO) da hukumar lafiya (WHO) na Majalisar Ɗinkin Duniya suka kafa a 1963, tana ƙayyade iyakar ragowar magani a kowane sashen jiki daban. Ga maganin kashe ƙwayoyin cuta mai suna oksitetarasaikilin a shanu, iyakar ita ce mikirogiram (kashi ɗaya cikin miliyan na giram) 200 a kowane kilo na tsoka, 600 a hanta, 1200 a ƙoda, sai 100 a litar madara. Hanta da ƙoda ne matatar jiki, magani ya fi taruwa a cikinsu.

Allurar jijiya tana kai magani cikin jini nan take. Ta tsoka kuwa, musamman irin mai daɗewa a jiki, tana taruwa a inda aka soka, tana tsiyaya a hankali, har wurin ya riƙe ragowa bayan sauran nama ya tsabtata. Shi ya sa ake son a yi ta a wuya, kuma kada a tara mai yawa a wuri guda. Akwai wani nau'in maganin seftiyofur da ake yi wa shanu allurarsa a gindin kunne, domin ana ɗaukar wurin a matsayin wanda ba a ci.

Maganin jentamaisin ne misalin da ya fi damuna. Ta baki, da ƙyar yake ratsa hanji. Amma da allura, sai ya maƙale a ƙodar saniya na tsawon watanni, alhali ga ta nan lafiya lau, babu wata alama da makiyayi ko mahauci zai gani.

Idan lalura ta sa a kauce wa abin da ke jikin kwalba, likitan dabbobi ne zai yanke shawara, ya kuma ƙara kwanakin jira. A Tarayyar Turai, doka mai lamba 2019/6, da ta fara aiki a Janairun 2022, ta ce a irin wannan hali a ninka mafi tsawon kwanakin jira kafin yanka da aka rubuta wa maganin sau 1.5.