Mota ta rage ƙarfi: turbo ne ko ɗan bawul ɗinsa?

A garejojin Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru, da zarar mota mai turbo ta daina ja sai a ce turbo ya mutu. Sau da yawa laifin na wani ɗan bawul ne mai karkatar da iska, wanda kuɗinsa bai kama ƙafar na turbo ba.

Mene ne aikin bawul ɗin?

Turbo yana cusa iska cikin inji da ƙarfi. Idan direba ya ɗaga ƙafa daga totur, kamar lokacin sauya giya, ƙofar iskar sai ta rufe, alhali turbo bai daina juyawa ba. Iskar da ta taru sai ta nemi komawa baya ta bugi fankar turbo. A nan ne bawul ɗin yake buɗewa, ya mai da ita mashigar turbo.

Duk mota mai turbo tana da shi?

A'a. Na injin fetur ne, irin Volkswagen da Audi masu injin 1.8T ko 2.0 TFSI, da Peugeot mai injin 1.6 THP. Hilux da Land Cruiser masu shan gazuwal, waɗanda suka cika hanyar Kuseri zuwa Njamena, galibinsu ba su da shi.

Yaya ake gane ya lalace?

Idan robar cikinsa ta yage, iska za ta riƙa zurarewa. Ka taka totur a hawa, mota ta yi nauyi, wani lokaci fitilar inji ta kama, kwamfutar gwaji ta nuna lambar matsala P0299, wato ƙarancin matsin iskar turbo. Idan kuma ya ƙi buɗewa, za ka ji "fir-fir-fir" duk lokacin da ka saki totur. Samari na son wannan ƙarar, amma wahala ce turbo yake sha.

Ana iya gwada shi ba tare da na'ura ba?

Tsohon samfuri mai siririn tiyo a ka, kamar na 1.8T, ana iyawa. Bari inji ya huce, ka cire shi, ka tura fistan ɗin ciki da gindin biro, ka toshe bakin da tiyon ke shiga da yatsa, sannan ka janye biron. Mai lafiya zai tsaya a cije har sai ka ɗaga yatsa, ka ji "tas". Idan ya dawo tun yatsanka na kai, roba ta yage. Ka duba tiyon shi ma, don zafin Afrilu da ke haura digiri 40 a nan yana busar da roba.

Na lantarki kuwa, kamar na 2.0 TFSI, a jikin turbo yake da kusoshi uku. Cire shi ake yi a haska robar da tocila, a miƙa ta a hankali, domin yagewar kan ɓuya a lanƙwasa.

A gyara ko a sauya?

A sauya. Kada a yarda a liƙe robar da gam. Zafi da matsin iska za su ɓamɓare shi. Volkswagen ma daga baya ta fito da samfurin lantarki mai fistan a madadin mai roba, shi ya fi dacewa da yanayinmu. In an ɗaura, a duba filtar iska, musamman lokacin hunturu da ƙura ke yawa, sannan a goge lambar a kwamfuta a fita gwaji a ga ko za ta dawo.