Tagwaye ne? Ki tambaya ko mabiyiya ɗaya ce

Da zarar an ce wa mace tagwaye ne a ɗakin awo, sai murna da "Allah ya raba lafiya". Amin. Amma kafin ki sauko daga gadon sikanin, ki tambayi mai dubawar: mabiyiya ɗaya ce, ko kowa da tasa?

Tagwaye masu kama ɗaya daga ƙwai guda suke, kuma kusan biyu cikin uku na irinsu mabiyiya ɗaya ce ke ciyar da su. A jikinta jijiyoyin jininsu a haɗe suke. Galibi jinin yana kai-kawo ba matsala, amma a ciki 10 zuwa 15 cikin 100 na irin wannan, sai ya rinjayi gefe guda. Likitoci suna kiran abin TTTS, kuma ya fi bayyana tsakanin mako na 16 da na 26.

Ɗan da jini ke barinsa yakan daina fitsari, ruwan da yake kwance a ciki ya ƙafe, har a sikanin a gan shi manne da bangon mahaifa, mafitsararsa ba komai. Ɗan uwansa kuwa jini ya yi masa yawa, yana ta fitsari, ruwa ya cika masa jaka, zuciyarsa tana wahala. Wannan babban da ake ganin ya fi lafiya, shi ma yana cikin haɗari. In abin ya yi tsanani aka bar shi, yawanci duka biyun ake rasawa.

Damuwarmu a Kano ita ce makara. Mace ta ɓoye ciki saboda kunya, balle na fari, sai wata shida ta zo awo. Alhali tsakanin mako na 11 da na 14 aka fi gane adadin mabiyiya. In ɗaya ce, daga mako na 16 sikanin ne duk bayan mako biyu: a auna ruwan kowane yaro, a duba mafitsara da gudun jini a cibiya. Maigida, kar ka ce asibiti na neman kuɗi ne. Cikin mako biyu lamarin kan iya juyawa.

Akwai abin yi. Ana zuƙe ruwan da ya yi yawa da allura, ko a sa hasken leza a ƙona jijiyoyin da suka haɗa yaran, aikin ƙwararru da ba a ko'ina ake samunsa ba, ko a ciro yaran in sun yi ƙwari. Irin wannan ciki na babban asibiti ne, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko Asibitin Murtala.

In kika ga cikinki ya kumbura farat ɗaya cikin 'yan kwanaki, ya yi tauri yana sheƙi, numfashi na yi miki wuya ko mara na murɗawa, kar ki bari a ce miki "ai cikin tagwaye haka yake". Ki ɗauki katin awo da takardun sikanin ki tafi asibiti a ranar.