Mene ne kango, kuma me ya sa na asibiti ya fi ciwo?

A majalisun shayi na unguwannin Aboabo da Asawase a Kumasi, ba wuya ka ga waya tana yawo hannu zuwa hannu, ana kallon hoton wani asibiti da aka bar wa ƙura da gizo-gizo. Gadajen ƙarfe sun yi tsatsa, fenti ya ɓare, reshen bishiya ya fasa taga ya leƙo ɗakin majinyata. Kafin wayar ta gama zagaye sai ka ji wani ya ce, subhanallahi, wuri ya zama kango.

Kango, jam'insa kangaye, gini ne da yake tsaye amma babu mai zama a cikinsa. Ba ɗaya yake da kufai ba. Kufai wuri ne da aka taɓa zama aka tashi, har ginin ya koma ƙasa, sai tudu da fasassun tukwane da wata tsohuwar kuka suke shaidar an yi gari a nan. Shi kango bangonsa yana nan, kana iya shiga ka ƙirga ɗakuna. A bakin mutanen birni kuma kalmar ta ƙara faɗi: ginin da aka kai linta kuɗi suka yanke, aka bar shi rodi a tsaye, shi ma kango ne. Ke nan kango iri biyu ne, wanda aka zauna aka fita, da wanda ba a taɓa shiga ba.

Yawancin hotunan da ke zuwa mana daga Amurka da Ingila na irin farko ne, kuma da yawansu tsofaffin asibitocin masu taɓin hankali ne. A shekarar 1955, mutum fiye da dubu 550 ne ke kwance a irin waɗannan asibitoci na jihohin Amurka. A waɗannan shekaru ne aka samu magungunan da ke kwantar da cutar, aka kuma fara tona irin wulaƙancin da ake yi wa majinyata a bayan katanga. Sannu a hankali aka riƙa sallamar mutane su karɓi magani daga gida, manyan gine-ginen suka zama fanko. Italiya ma doka ta yi a 1978 ta rufe nata. Saboda haka wani kangon da kake gani, alheri ne ya rufe shi, ko da yake ba duk wanda aka sallama ba ne ya samu mai riƙe shi.

Abin da ke damuna shi ne yadda samarinmu ke karɓar hotunan. Da an ce gidan mahaukata ne, sai hira ta koma kan aljanu, wannan ya ce ko an ba shi miliyan ba zai kwana a ciki ba, wancan ya ce ya ga inuwa a bakin ƙofa. Mun taso ana hana mu shiga kango da magariba, to ban ga laifin tsoro ba. Sai dai waɗanda suka kwanta a kan gadajen nan 'ya'yan wasu ne, marasa lafiya kamar mai hawan jini ko ciwon suga. In muka mai da ɗakinsu abin firgita, gobe wanda ƙaninsa ya fara surutai zai ɓoye shi a ɗaki maimakon ya kai shi ga likita. Mu a Ghana da muke da manyan asibitocin ƙwaƙwalwa uku kacal, na Accra da Pantang da Ankaful, duk a kudu, ba mu da rarar da za mu ƙara wa mutane gudun su. Na Accra tun 1906 yake aiki, har unguwar Asylum Down ta ci sunansa.

Iyayenmu mata kuwa wani kallo suke yi. Na nuna wa Gwaggo irin hoton nan, ko aljani ba ta ambata ba. Gadajen ta shiga ƙirgawa, tana tambayar mutum nawa za su ɗauka in an gyara. Wanda ya taɓa jinya a kan benci ba ya ganin gado a yashe ya yi tunanin fatalwa.

Kuma mu a Kumasi mun fi sanin kango na biyu. Duk wanda ya bi ta Bantama ya san ginin haihuwa da kula da yara na asibitin Komfo Anokye, wanda muke kira Jii. An fara shi a 1976 zamanin shugaban mulkin soja Acheampong, aiki ya tsaya, gwamnatoci suka zo suka wuce yana tsaye yana shan ruwa da rana, alhali a gefensa mata masu naƙuda suna cunkushe. A 2020 Shugaba Akufo-Addo ya ƙaddamar da ci gaban aikin, amma da injiniyoyi suka duba sai suka tarar ginin ya riga ya lalace, ba zai ɗauki nauyi ba. A 2021 aka rushe shi domin a sake sabo. Yaron da aka haifa a shekarar da aka haƙa harsashinsa yana da shekara 45 lokacin da aka kai shi ƙasa, kuma ko jariri ɗaya bai taɓa yin kukan farko a cikinsa ba.