DE50: rabin magani ne ko rabin mutane?

Tun da maganar tramol ta cika gidajen rediyo a Garwa da Marwa, kowa ya zama malamin "doz", wato adadin maganin da ake ba mutum. Ɗan moto na faɗa, ɗan siyasa na faɗa. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wani mai sharhi da na ji yana bayani da ƙarfin hali, wai DE50 da ake gani a littattafan likitanci na Faransanci, ko ED50 a na Turanci, "rabin doz" ke nan.

A'a, malam. Hamsin ɗin nan mutane ake ƙirgawa, ba magani ba. DE50 shi ne adadin da in aka bai wa mutum ɗari zai kama hamsin, sauran hamsin kuwa ko gezau. A ɗakin tiyata, hakan na nufin rabin marasa lafiya za su ji wuƙa.

Yadda masu binciken allurar barci da ta kashe zafi ke gano adadin ya fi komai ba ni mamaki, domin dabarar daga wajen masu nakiya ta fito. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, a Amurka, ana sako ƙarfe mai nauyi daga sama a kan ɗan garin nakiya. In ya fashe, sai a rage tsayin a gwaji na gaba. In ya yi shiru, a ƙara. Wasu masana lissafi biyu, Dixon da Mood, suka wallafa lissafin a 1948. Likitoci suka ɗauko dabarar yadda take: allura ta kama wannan mara lafiya, na bayansa a rage masa kaɗan, ba ta kama ba, a ƙara. Kamar cinikin saniya a kara, wannan ya taya, wancan ya ce albarka, har farashi ya zauna a tsakiya. Mutum 30 ko 40 kan wadatar, shi ya sa masu bincike ke son ta.

Ni kuwa ina ganin an cika yabon ta. Wace mata ce za ta yarda a fiɗe ta da adadin da ke aiki ga rabin mata? Abin da likita ke nema shi ne DE95, adadin da zai kama mutum 95 cikin ɗari. Wani bincike na 2004 kan allurar gadon baya ta bupivacaine a tiyatar haihuwa ya samu DE50 miligiram 7.6, DE95 kuwa 11.2. Ko ninki biyu bai kai ba, balle a ce wancan rabin wannan ne.

Don isa can sama, an yi wa dabarar kwaskwarima. In allura ta gaza, dole a ƙara. In ta kama, sai an jefa ƙuri'a kafin a rage, kuma ga masu neman DE90 sau ɗaya cikin tara kawai ƙuri'ar ke cewa a sauko.