Adon Ɗaki Irin na Gidan Gona: Wane Yadi Za a Saya?

Tambaya: Mene ne salon gidan gona, kuma ina ruwansa da yadi?

Amsa: Ado ne da ke kwaikwayon gidajen manoman karkarar Amurka da Turai na da: katakon da ba a ɓoye jijiyarsa da fenti ba, farin bango, da yadudduka marasa sheƙi. Shirin talabijin na Fixer Upper, wanda Chip da Joanna Gaines suka gabatar daga garin Waco na jihar Texas tsakanin 2013 da 2018, shi ya yayata shi har ya zama yayi. Amma asalinsa tattali ne. A shekarun 1930, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, matan manoma kan wanke buhunan fulawa da na abincin kaji su ɗinka riguna da labule. Da kamfanoni suka lura, sai suka fara buga furanni a jikin buhunan don jawo masu saye. Shi ya sa yadin da ya dace da wannan salo shi ne wanda ya yi kama da an yi shi domin aiki.

Tambaya: To, waɗanne yadudduka ake nema?

Amsa: Lilin ne a gaba. Daga wani tsiro ake samun zarensa, kuma mafi yawan mai kyau a arewacin Faransa da Beljiyam da Holan ake noma shi. Yana da tsada, yana saurin yamutsewa, amma yamutsewar nan ita ake so, kuma kowane wanki ƙara masa laushi yake yi. Sai auduga mai kauri wadda ba a rina ba. A Amurka mutane da yawa kan sayi shimfiɗar da masu fenti ke sawa a ƙasa, su wanke ta su yi labule ko rigar kujera, don ta fi yadin kanti araha.

Akwai yadin katifa mai siraran ratsi, shuɗi ko ja a kan fari. An matse saƙarsa ne tun asali don kada gashin tsuntsu ko ciyawar da aka cusa a katifa su huda su fito, saboda haka yana jure wahala. Akwai kuma tsofaffin buhunan hatsi na Turai masu ratsi a tsakiya, wanda da shi manomi ke gane nasa a wurin niƙa. Sai mai zanen gidan dara, wanda ya fi dacewa da teburin cin abinci da tagar kicin. Mai son ɗanɗanon Faransa kuwa sai ya nemi yadin Jouy, mai hotunan makiyaya da bishiyoyi da launi ɗaya tak, wanda wani ɗan kasuwa mai suna Oberkampf ya kafa masana'antarsa kusa da garin Versailles a 1760.

Tambaya: Algarara fa? Ana yawan ganin ta a hotuna.

Amsa: A hoto take da kyau. Zarenta na dangin lalon da muke miya da shi ne, Indiya da Bangladesh ke noma mafi yawansa. Tana da kaushi, tana zubar da gashi, tana da wari, ba ta kuma son wanki. A yi shimfiɗar tsakiyar tebur da ita ko a naɗe tukunyar fure. Matashin da za a jingina fuska a kai kam a'a.

Tambaya: Yaya ake haɗa launi da zane ba tare da ɗaki ya hargitse ba?

Amsa: Manyan abubuwa, wato labule da kujera da zanen gado, su kasance ruwan madara, ruwan toka ko ruwan ƙasa. Launi mai ƙarfi guda ɗaya ya isa, a bar shi ga matasai. Idan za a haɗa zane biyu, girmansu ya bambanta: siririn ratsi da babban gidan dara sun zauna lafiya, amma manya biyu faɗa za su yi.

Tambaya: Ta yaya zan gane auduga ko lilin na gaskiya a kasuwa?

Amsa: Ka roƙi mai shago ɗan ƙyalle ka ƙona bakinsa. Auduga da lilin suna warin takarda, su bar toka mai laushi. Na roba narkewa yake yi ya dunƙule kamar ƙwallo mai tauri. Ka kuma damƙe yadin a tafin hannu. Idan ka sake shi ya miƙe sumul, da roba a ciki. Ba laifi ba ne, domin gauraye ya fi sauƙin kulawa, amma kada a karɓi kuɗin lilin a kansa. Idan yadin kujera ne daga waje, duba lambar Martindale, wato sau nawa na'ura ta goge shi kafin ya fara lalacewa. Kujerar da ake zama kullum tana son 20,000 zuwa sama.

Sannan a wanke kafin a kai wa tela. Auduga da lilin suna tsukewa a wankin farko, labulen da aka auna daidai sai ya koma ɗan guntu. A ƙara ɗan yadi a kan awon.

Tambaya: Dole sai an yi odar su daga waje?

Amsa: Ko kusa. Akoko da ake samu a Kantin Kwari ta Kano auduga ce da ba a rina ba, daidai abin da ake nema. Gwado da saƙi na masaƙanmu suna da ratsi da kaushin saƙar hannu da Turawa ke biyan kuɗi masu yawa a kansa, kuma shuɗin karofin Ƙofar Mata ya dace da farin bango, sai dai a wanke shi shi kaɗai don yana zuba. Abin lura shi ne ƙurar hunturu: farin yadi a nan ba ya kwana biyu bai nuna ba. Don haka a sa tela ya yi wa kujeru da matasai riga mai zif ko maɗauri, wadda za a cire a wanke a mayar.